Kafin a ƙara wa Marsandi iska, a fara duba zafi da mai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da matasan da suka shiga sha'awar ƙara wa motocinsu ƙarfi, musamman masu manyan motocin Jamus masu ƙofa huɗu da ake shigowa da su na hannu daga Amurka da Turai. Sha'awar ba laifi ba ce, kuma sana'a ce mai ilimi a cikinta. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yin ta. Mutum zai ga bidiyo a YouTube an canza wa mota fuli, wato ƙaramar tayar da bel ke bi a inji, a Jamus ta ƙara doki saba'in, sai ya yi odar irin kayan, a ɗaura masa a Kano cikin watan Afrilu, ya sha mai a gidan man unguwa, ya taka totur har ƙasa. Kayan ɗaya ne, amma iskar da man ba ɗaya ba ne, kuma su biyun ne ke narkar da fistin.

Za mu ɗauki mota ɗaya mu yi bayani a kanta, domin maganar da ba ta da lamba ba ta gyara inji. Motar ita ce Mercedes-Benz E55 AMG, ƙirar W211, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2006. Injinta, M113K, mai silinda takwas ne, lita 5.4, bawul uku da fulogi biyu a kowace silinda, wato fulogi goma sha shida. Daga kamfani tana ba da ƙarfin doki 476 da ƙarfin murɗa Nm 700, an kuma ƙayyade gudunta a kilomita 250 cikin awa. A tsakiyar injin, tsakanin layin silinda biyu, sufacaja ke zaune, wato na'urar da ke matsa iska cikin inji. Sanduna biyu ne na alminiyam masu murɗaɗɗen jiki suke juyawa cikin juna, bel ne ke jan su daga fulin karankshaf, suna matse iska zuwa bar 0.8 sama da ta sarari. A ƙarshen gudu sukan kai juyi 23,000 a minti ɗaya. Akwai kuloci na maganaɗisu a bakin fulin, burenbos, wato kwamfutar injin, ne ke kama shi ya sake shi gwargwadon yadda aka taka.

Amfanin matse iska a bayyane yake: iska ta yi yawa a silinda, a ƙara mai daidai da ita, ƙarfi ya ƙaru. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, kuma ana iya lissafa zafin. A ƙasar da iskar waje take digiri 15, matsin bar 0.8 zai fitar da ita daga sufacaja a wajen digiri 90. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da rana a bazara, inda iskar waje take digiri 40, matsin nan ɗaya zai fitar da ita a wajen digiri 120. A ɗaga matsin zuwa bar 1.0, ta doshi 140. Wannan fa kafin a lissafa zafin kwalta da na ƙarƙashin bonet. Iska mai zafi ba ta da nauyi, saboda haka wani ɓangare na ribar da aka saya ya tafi. Mafi muni kuma, tana sa man da ke gefen silinda ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan fashewar ce ƙwanƙwasa, ita ce ke fasa gefen fistin inda ringi ke zama, ta ƙone gasket, ta daddatse metal.

Kamfanin ya san da haka, shi ya sa ya sa intakula a ƙarƙashin sufacaja, wato ƙaramin lagireto da ruwa ke bi ta cikinsa yana ɗauke zafin iskar. Wani ƙaramin famfo na lantarki ne ke tura ruwan zuwa wani lagireton a gaban mota, bayan bamba, ya huce ya dawo. Nan ne raunin motar yake. Famfon yana mutuwa shiru, ba ya kunna fitila a dashbod. Alamarsa ita ce mota ta ja da kyau a taka na farko da na biyu, a na uku sai ta yi sanyi kamar an cire mata rabin inji, bayan wasu mintuna ta dawo daidai. Abin da ya faru shi ne na'urar auna zafin iska ta ga ya wuce iyaka, burenbos ya janye lokacin wuta, ya ƙara mai, daga ƙarshe ya saki kulocin sufacaja don ya ceci injin. Makanikin da bai san motar ba zai ce fulogi ne ko famfon mai, a yi ta canje-canje. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a haɗa na'urar OBD, wato ta duba mota da kwamfuta, a karanta zafin iskar da ke shiga inji ana cikin tafiya. A tafiya ta yau da kullum bai kamata ya fi na waje da digiri 15 zuwa 20 ba, kuma idan aka taka aka saki, ya sauko cikin minti ɗaya. Idan ya hau ya zauna, ruwa ba ya zagayawa.

Don haka kuɗin farko a nan za a kashe su, tun ba a taɓa fuli ba. A sa sabon famfo, ko dai na Bosch wanda lambarsa ta ƙare da 010, wanda ya maye gurbin tsohon, ko na Pierburg CWA50 ko CWA100 masu ƙarfin turi, sai dai waɗannan suna son wayarsu da rile nasu daban. A canza lagireton gaba da wanda ya fi shi kauri da faɗi. Sannan a raba ruwan intakula da na inji, domin daga kamfani tanki ɗaya suke sha, shi kuwa ruwan inji yana aiki a wajen digiri 90. A yi wa intakula nata tankin. Wasu kan sa na lita goma sha biyar zuwa ashirin a but, domin yawan ruwa yana jinkirta ɗumamarsa. Bayan an gama sai a fitar da iskar da ta maƙale a bututu da kyau, don famfon nan idan ya haɗu da kumfar iska juyawa kawai yake yi, ba ya tura komai.

A nan dole mu tsaya kan wata ɗabi'a tamu. Ana cika lagireto da ruwan rijiya ko na burtsatse, ana kuma cire tamostat wai don kada mota ta yi zafi. A wannan injin duka biyun ɓarna ne. Ruwan rijiya yana cin alminiyam, yana toshe siraran hanyoyin intakula da farin gishiri, kuma ranar da ta huje ruwan cikin silinda zai zuba kai tsaye. Cire tamostat kuma yana hana inji kaiwa zafin aikinsa, burenbos ya yi ta zuba mai fiye da ƙima, man ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. A yi amfani da tataccen ruwa da kulan na gaske, rabi da rabi a inji. A intakula ana iya rinjayar da ruwa, kashi 70 ruwa kashi 30 kulan, tunda ba mu da ƙanƙara kuma ruwa ya fi ɗaukar zafi.

Sai maganar mai, wadda a ganinmu ita ce ta fi kashe injuna a ƙasar nan. Oktan shi ne juriyar mai ga ƙwanƙwasa, kuma a Turai an rubuta wa motar man oktan 98 a ma'aunin RON. A Amurka an rubuta 91, sai mai motar da ta fito daga can ya ga 91 a murfin tanki, ya ji an ce fetur ɗinmu ma wajen 91 ne, ya ɗauka an yi daidai. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. Amurka tana haɗa RON da wani ma'auni mai suna MON ta raba biyu, saboda haka 91 ɗinsu ya kai 95 ko 96 a RON, 93 ɗinsu kuma wajen 98 ne. Namu 91 ɗin a RON yake, wato daidai da mafi arahar man da suke sayarwa, wanda suke rubuta wa 87. Ma'ana ko ba a canza komai ba, E55 a kan man gidan mai tana tafiya ne da taimakon na'urorin jin ƙwanƙwasa guda biyu da ke jikin injin, suna janye lokacin wuta. Janyewar tana da iyaka, kuma wutar da aka jinkirta tana ƙara zafin hayaƙi, bawul ɗin fita da katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, su sha wahala. To a kan wannan ne ake ɗora wa burenbos manhajar da aka rubuta wa man 93 na Amurka, wadda ta ƙara gaggauta wuta. Wannan ita ce hanya mafi kusa zuwa sayen sabon inji a kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas.

Kwalaben ƙara oktan da ake sayarwa a shagunan kayan mota yawancinsu ba sa kai ko'ina. Idan aka rubuta suna ƙara maki biyar, sau da yawa ana nufin 0.5 ne. Masu ƙarfin cikinsu suna ɗauke da sinadarin MMT, wanda ke barin jan ƙasa-ƙasa a fulogi da na'urar auna hayaƙi idan aka dawwama a kai. Man ƙananan jiragen sama, 100LL, yana da darma, zai kashe katalis da na'urorin hayaƙi cikin ɗan lokaci. Abin da muka fi yarda da shi a yanayinmu shi ne feshin ruwa da metanol, rabi da rabi, ta ƙaramin nozul bayan intakula, wanda ke buɗewa idan matsi ya kai wani mataki. Yana sanyaya iska, yana kuma hana ƙwanƙwasa. Sharaɗinsa shi ne a ɗauke shi a matsayin kariya, kada a gina manhaja a kansa sai an haɗa abin da zai rage ƙarfi da kansa idan tankin ya ƙare ko nozul ya toshe. Metanol kuma guba ne, yana makantarwa, ba a ajiye shi a gorar ruwan sha a gareji.

Mota mai shekara ashirin ana duba lafiyarta kafin a ɗora mata kaya. A auna matsin kowace silinda, bambancin mafi girma da mafi ƙanƙanta kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A duba robar da ke cikin fulin karankshaf, domin a injunan M112 da M113 an san ta da tsagewa har fulin ya goce ya ci murfin inji. A ɗaga kujerar baya a shinshina: famfunan mai da tacensu a saman tanki suke a nan, kuma murfinsu yana tsagewa ya riƙa yoyo idan an cika tanki. Tacen man a cikin tankin yake, kuma da irin dattin da ke zuwa cikin manmu, canza shi wajibi ne. Baƙin mai 0W-40 ko 5W-40 mai lambar amincewar Marsandi 229.5, lita 8.5, a riƙa juye shi duk kilomita 5,000 zuwa 6,000, kada a jira lissafin dashbod da aka yi wa hanyoyin Turai.

Yanzu fuli. Lissafinsa irin na sarƙar keke ne: a ƙara girman na gaba ko a rage na baya, taya ta ƙara juyi. Ko a sa babban fuli a karankshaf, waɗanda aka fi sani su ne milimita 168 da 180, ko a sa ƙarami a bakin sufacaja, kamar milimita 83 ko 84, har zuwa 77. Misali, sauka daga 90 zuwa 84 ƙarin juyi ne na kashi 7 cikin ɗari. A ra'ayinmu, da manmu da zafinmu, mataki na farko shi ne iyaka: 168 a ƙasa ko 84 a sama, ɗaya daga ciki, ba duka biyu ba. Fulin 180 na masu man 98 ne da sanyin Turai. Idan na karankshaf aka zaɓa, kusar da ke riƙe shi sau ɗaya ake amfani da ita, domin miƙewa take yi idan an ɗaure. Sabuwa ake sawa, a ɗaure ta Nm 200 da sifana mai awo, sannan a ƙara kwana digiri 90. Wanda ya mayar da tsohuwa ya buga ta da bindigar iska, fulin zai yi rawa ya cinye makullin karankshaf, kuma gyaran wannan sai an sauke inji. Idan na sama aka zaɓa, a auna ratar kulocin da filagej, wajen milimita 0.4, ta yi faɗi kuloci ya riƙa zamewa yana ƙonewa, ta yi ƙunci ya riƙa gogawa ko ba a kama shi ba. Ƙaramin fuli kuma yana rage wurin da bel mai layi takwas ke kamawa. Idan aka ga baƙar ƙura a gaban inji, matsi kuma yana faɗuwa bayan juyi 5,000, bel ne ke zamewa, sai a ƙara fulin da ke naɗe shi sosai a sa sabon tenshina.

Ƙarin iska yana bin bashin ƙarin mai. A tafiya ta hankali inji yana ƙona kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na mai, amma ƙarƙashin matsi ana son 11.5 zuwa 12, domin rarar man tana sanyaya kan fistin. Injin sufacaja mai doki 600 yana shan wajen lita 3.6 a minti ɗaya idan an taka har ƙasa, wato kusan cc 450 a kowane nozul. Tunda ba a son nozul ya yi aiki sama da kashi 85 na lokacinsa, masu cc 550 su ne suka dace a wannan mataki, kuma ba a sa su sai tare da manhajar da ta san girmansu. Silindar baya, musamman ta takwas, ita aka fi gani da ƙonewa a wannan injin, shi ya sa ake haɗe bakunan bututun nozul biyu ta baya don matsin mai ya daidaita. Fulogi a sauka mataki ɗaya zuwa mai sanyi, a lambobin NGK daga 6 zuwa 7, duka goma sha shidan, kuma a kiyayi na jabu da suka cika kasuwa, don bakinsu kan narke ya faɗa silinda.

Manhaja ita ce ta ƙarshe. Duk wanda zai rubuta ta, ko a nan yake ko ta intanet zai turo, a gaya masa gaskiyar oktan da zafin gari, a nemi wadda aka rage wa gaggawar wuta. A sa na'urar auna cakuɗin mai da iska mai faɗin zango a salansa, a yi rikodin zafin iska, matsi, cakuɗi da yawan wutar da ake janyewa a kowace silinda, a giya ta uku daga juyi 2,500 zuwa sama. Gwajin a yi shi da azahar, kada a yi da asuba. Manhajar da ta yi kyau a sanyin Disamba ba ta ba da shaidar komai a kan Afrilu.

Salansa na daga cikin gyare-gyaren da muke goyon baya ba tare da fargaba ba. Bututun hayaƙin da ke manne da kan inji a E55 matsattse ne, kuma dogayen bututu masu faɗi suna fitar da zafi, suna ƙara ƙarfi, har ma a ga matsi ya ɗan sauka a agogo saboda iska ta sami hanyar wucewa. Wannan saukar riba ce. Amma a naɗe su ko a yi musu garkuwa, don suna wucewa kusa da wayoyi da kujerun inji masu ruwa a ciki. Katalis, wanda ake kira indomi a gareji, a musanya shi da mai yalwar hanya maimakon a fasa a zubar. Tacen iska kuwa a ci gaba da amfani da na takarda. Na auduga mai mai da ake tallatawa yana barin ƙurar hunturu mai laushi ta wuce, ta kankare rufin sandunan sufacaja, ta ci bangon silinda, shi kuwa bangon alminiyam ne mai silikon wanda ba kowane mai boring ke iya gyarawa ba.

Ƙarfin da aka samu sai ya bi ta giyabos. Nata mai giya biyar ne, 722.6, mai juriya ƙwarai, amma yana da cututtuka biyu sanannu: soket mai fil goma sha uku da ke yoyo har mai ya bi waya ya hau zuwa kwamfutar giya, da kuma lagireton wasu motocin farko da ke barin kulan ya shiga man giya, alamarsa kakkarwa a ƙaramin gudu. A juye man da tacensa duk kilomita 60,000 ko ƙasa da haka, a ƙara masa nasa lagireton. A duba robobin da ke haɗa sandar farfela. Aksul ɗin baya ba shi da makullin da ke raba ƙarfi ga tayoyi biyu daga kamfani, taya ɗaya ce za ta yi ta juyawa tana hayaƙi, sai a sa na Quaife ko Wavetrac. Tayoyin 245/40 a gaba da 265/35 a baya, rim 18. A karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, mako da shekarar da aka yi ta, duk wadda ta haura shekara biyar ko shida ba ta da wuri a motar nan ko da zanenta bai goge ba.

Birki yana da haɗarin da ya kamata kowane yaron gareji ya sani. E55 tana da tsarin SBC, inda famfon lantarki ke tara matsi kwamfuta kuma ta raba shi. Buɗe ƙofa ko taɓa makulli yana tada shi ya gwada kansa ya matse birki. Wanda yatsunsa ke cikin kalifa mai fistin takwas a wannan lokacin zai rasa su. Ana kashe tsarin da kwamfutar STAR ta Marsandi kafin a cire takalmin birki, kuma da ita ake fitar da iska. Famfon yana ƙirga sau nawa aka taka, idan ya ƙure sai gargaɗi ya bayyana a dashbod, idan kuma famfon ya mutu, abin da ya rage ɗan birkin gaggawa ne a tayoyin gaba kawai, ga mota mai nauyin sama da kilo 1,800. Akwai masu goge lissafin su mayar da tsohon famfo. Kada a yarda. Batun sauke mota ƙasa kuma, a tuna lagireton intakula shi ne abu na farko da tudun rage gudu zai daka.

Masu tambaya ko za a ɗaura sufacaja a motar da ba ta zo da shi ba, amsar tana cikin matsin silinda. Wato sau nawa fistin ke matse abin da ke cikin silinda: na E55 9.0 ne, an rage shi da gangan. E500 tana da 10.0 da fistin da ba a yi su don wannan ba, kuma sauya injin gaba ɗaya da wayoyinsa da burenbos ya fi sauƙi. BMW M3 ƙirar E90, mai silinda takwas lita 4.0 da doki 420, tana da 12.0 tana kuma juyi har 8,400. Kamfanoni irin ESS da VF Engineering suna yi mata kayan sufacaja mai kama da turbo, matsinsa wajen rabin bar kawai, kuma ko a can sai an fara canza metal ɗin konrod, sai kuma man 98. A kan man gidan mai na nan ba mu ba kowa shawarar ya gwada ba.

Edita, akwai abin da ya fi ƙarfin makaniki. Dokar hanya ta ƙasar nan ta tsayar da ƙaramar mota a kilomita 100 a babbar hanya mai tagwaye, E55 kuwa tana kai wannan cikin ƙasa da daƙiƙa biyar tun ba a taɓa ta ba. Rikodin da muka ce a yi a giya ta uku yana wuce wannan iyaka nesa, kuma titin da ake raba shi da 'yan adaidaita da ɗalibai da shanu ba wurinsa ba ne, haka ma wasan mota a taron biki. Muna kira ga masu hali cikin masu wannan sha'awa a Kano da Kaduna da Abuja su haɗa kuɗi su kawo injin daino, inda ake ɗaure mota a kan nadi a gwada ta tana tsaye da fanka a gabanta, gwamnatocin jihohi kuma su ware killataccen fili da za a riƙa buɗewa a ranakun da aka sani, da motar asibiti da ta kashe gobara a wurin.

Mun gode da filin da ka ba mu.

Daga wasu makanikai da masu sha'awar motoci, Kano.